Yadda ake gina katangar da za ta jure dukan dutse

A Dass, gindin duwatsun Mbula, da unguwar Dutsen Tanshi a cikin Bauchi, akwai gidajen da bayansu dutse ne. Idan damina ta yi nisa, ruwa kan zaizaye ƙasar da ke tallafe da duwatsu, sai wani ya suɓuce ya gangaro. Dutsen da kowane gefensa rabin mita ne, nauyinsa ya kusa buhun siminti 7. Ita kuwa katangar bulo nauyin sama take iya ɗauka. Da an doke ta daga gefe, simintin da ke tsakanin bulo da bulo ne ke fara tsagewa.

Saboda haka fara daga kan gangaren. Tun da rani ka hau ka duba duwatsun da ƙasa ta janye daga ƙarƙashinsu, ka kira masu fasa dutse su farfasa su a inda suke. Kada a tunkuɗo su ƙasa.

Sannan ka bar fili tsakanin gangaren da gini. Haƙa rami mai faɗi a tsawon filin, ƙasar da ka fitar ka tara ta tudu ta ɓangaren gida. Wannan matakin na fi so mutane su riƙe, domin gudun dutse ne abin tsoro: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkawa. Ramin da tudun su ke karya masa gudu.

Sai katangar. Sayi bulo inci 9, ka bar inci 6. A zuba ginshiƙai kusan duk mita 3, rodinsu ya taso tun daga fandisho, a ɗaure samansu da lintal ɗaya. Ka sa birkila ya cika ramukan bulon da kankare: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A riƙa ba ginin ruwa aƙalla kwana 7.

Ta bayan katangar, jera tsofaffin tayoyi cike da yashi, su shanye dukan kafin ya taɓa bulo. Ka bar ƙananan kafofi a gindinta, kada ruwa ya taru ya tura ta.

Ɗakin kwana dai kada ya jingina da wannan bango. In dutsen da ke samanka ya kai girman mota, babu bulon da zai tare shi, sai ka nemo injiniya ya gani da idonsa kafin a aza tubali.