Mahaɗi mai kulle kansa: yadda ake haɗa tarakta da babbar mota da abin da za su ja

A tsohuwar hanya, direba na kan sitiyari yana ribas, wani kuma na tsaye tsakanin mota da tirela da fil a hannu, yana jiran rami ya zo daidai da rami. Ƙafa ta ɗan zame daga kan kuloci, an matse mutum. Don a fitar da wannan mutumin daga tsakiya aka ƙera mahaɗi mai kulle kansa. Sai dai bai ɗauke maka aikin dubawa ba. Ƙarar "ƙas" da za ka ji ba shaida ba ce, ido ne shaida.

Duk ire-irensa, na gona da na titi, tarko ne. Akwai baki mai faɗi da ke karɓar zobe ko fil ya kai shi tsakiya. Akwai ɗan harshe a ciki wanda abin da ya shigo zai tura. Akwai sifirin da aka ɗana, wanda da an taɓa harshen zai saki ƙarfen kullewa. Sai makulli na biyu da ke hana ƙarfen komawa baya in mota ta faɗa rami. Yawancin matsala daga wurare uku take fitowa: girma bai dace ba, tsayi bai daidaita ba, ko makulli na biyu bai zauna ba.

A bayan tarakta

Hannaye ukun nan na bayan tarakta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, Harry Ferguson ne ya yi rajistar ƙirarsu a Birtaniya a 1926, kuma har yau a kansu ake ɗaura garma da haro. An kasa su aji-aji, kuma kafin ka sayi kowane mahaɗi sai ka san ajin taraktarka da na kayan aikinka. Aji na 1: fil na ƙasa kaurin milimita 22, na sama 19, tazarar hannayen ƙasa wajen santimita 68. Aji na 2: na ƙasa 28, na sama 25, tazara wajen santimita 82. Aji na 3: na ƙasa wajen 37, na sama 32, tazara wajen santimita 96. Auna da ma'aunin kauri, kada ka yi kirdado da ido, don bambancin milimita 6 ba ya ganuwa a fil mai tsatsa.

Mafi sauƙi shi ne ƙugiya a bakin kowane hannu. Ana zura ƙwallon ƙarfe a kan fil ɗin garma, a tare shi da ɗan fil mai zobe, ya zauna can dindindin. Ka buɗe ƙugiyoyin, ka sauke hannayen ƙasa har su yi ƙasa da ƙwallayen, ka yi ribas a giya mafi sanyi har ƙugiyoyin su zo ƙarƙashinsu, sannan ka ɗaga haidirolik a hankali. Ƙwallo zai danne harshen ƙugiya ya shige, harshen ya dawo ya rufe a kansa. Daga nan ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ka sauka ka saƙala hannun sama.

Akwai kuma mai kusurwa uku: firam ɗaya a jikin tarakta, abokinsa a jikin kayan aiki. Na tarakta yana shiga ƙarƙashin ɗayan, in aka ɗaga sai ya zame ya zauna, sakata ta faɗa. Wannan yana yafe ƙaramin kuskuren saiti, amma kowace garma sai an ɗaura mata nata firam. Na uku firam ne mai ƙugiya uku da ke kama fil ukun a ɗagawa ɗaya. Shi ba ya yafiya ko kaɗan: in tazarar fil ɗin garma ta kauce wa ma'auni, ko tsayin fil na sama bai dace ba, ba zai shiga ba. Sau da yawa kuma sai an sa wa fil bushin don ya cika bakin ƙugiyar.

Abin da ya fi faruwa shi ne gefe ɗaya ya kama, ɗaya ya zauna a kan leɓen ƙugiya. Dalili kuwa an ajiye garmar a karkace, ko hannayen ba su kai tsayi ɗaya ba. Kada ka ci gaba da ɗagawa, za ka lanƙwasa fil. Sauke, ka juya sandar saiti ta hannun dama har su daidaita, ka sake. Ƙwallon aji na 2 a cikin ƙugiyar aji na 3 zai shiga, har ma ya yi kamar ya kulle, amma yana iya tsalle ya fita a gargada. Busasshen laka a bayan harshe ma yana hana shi rufewa sosai.

Wani abu da ake mantawa: firam yana tura kayan aiki baya da wajen santimita 10 ko fiye. In kayan na aiki da shaf ɗin PTO, wato sandar da ke juyawa tana kai ƙarfin injin tarakta zuwa kayan aiki, bututunsa biyu dole su ci gaba da shiga juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu a inda ya fi miƙewa, in ba haka ba zai rabu yana juyawa. Nauyi ma ya ƙara nisa da tayoyin baya, gaban tarakta zai yi sauƙi, wataƙila sai ka ƙara ƙarfen nauyi a gaba.

Mahaɗin fil na babbar mota

Wannan shi ne wanda ke bayan babbar mota mai jan tirela da doguwar sanda mai zobe a baki. Kamfanin Rockinger na Jamus ya fito da irinsa mai kulle kansa a 1927. Zoben da aka fi sani iri biyu ne, mai ramin milimita 40 da mai 50, kuma ba a gauraya su. Zoben 40 ba zai karɓi fil ɗin mahaɗin 50 ba. Zoben 50 a kan mahaɗin 40 kuwa, in ya shiga, zai bar sarari fiye da santimita ɗaya, duk tashi da duk taka birki sai ya doki fil kamar guduma.

Ƙarfin mahaɗi yana rubuce a kan ɗan farantin da ke jikinsa, da harafin D. Lissafinsa: ka ninka nauyin mota da na tirela a tan, ka raba da jimillarsu, ka ninka da 9.81. Mota mai tan 18 da tirela mai tan 22: 396 a raba da 40 ya ba da 9.9, a ninka da 9.81 ya ba da wajen kN 97 (kN ma'aunin ƙarfi ne, kilonewton). Lambar da ke kan mahaɗin, da ta zoben, kada ta gaza haka.

Ka sa waigi a tayoyin bayan tirela. In irin mai gatarin gaba da ke juyawa ce, ka saki birkin gatarin gaban kaɗai, don sandar ta iya gotawa ta bi bakin mahaɗi. Ka daidaita tsayin sandar da abin saitinta har zoben ya fuskanci tsakiyar baki, ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan yadda zai hau leɓen ƙasa. Ba da hannu ko kafaɗar wani ake riƙe ta ba. Ka ɗaga libar mahaɗi har ƙarshe, fil ya tashi ya tsaya. Kowa ya fita daga tsakani. Ka yi ribas a hankali, zobe ya shiga ya tura harshe, fil ya faɗo.

Mota ce ke zuwa wurin tirela. Sakin birkin tirela don ta gangaro ta sami mota ganganci ne, babu mai iya tsayar da ita a inda yake so.

Yanzu ka sauka. A gefen mahaɗin akwai ɗan fil na shaida. In ya nutse ya yi daidai da jikin gidansa, an kulle. In ya leƙo waje ko da kaɗan ne, ba a kulle ba, ko da liba ta sauka. Da dare ka shafa da yatsa daga waje. In ya leƙo, ka koma ka ja gaba kamar mita ɗaya, ka dawo, sau da yawa fil ɗin ya tokare ne a gefen zobe kuma wannan motsin zai sa ya ƙarasa. In ya ƙi, ka buɗe ka fara daga farko. Hannu ba ya shiga bakin mahaɗin da aka ɗana, ko don share ƙasa, sifirin ɗin yana da ƙarfin datse yatsa.

A mahaɗin 40, sabon fil yana da kaurin milimita 38 a inda ya fi kauri. In ya cinye ya kai 36.5, a canja. Ramin zobe in ya wuce 41.5, a canja bushin ɗinsa. Ba a cike fil ko zobe da walda, zafin yana lalata taurin ƙarfen.

Tantebur

Kan tirela da bodinsa suna haɗuwa a faranti mai siffar kofaton doki da ke bayan kan, shi ne tantebur. A ƙarƙashin bodi akwai kimfin, babban fil ɗin da ke shiga tantebur, yawanci kaurin inci 2, wato milimita 50.8, a manyan masu ɗaukar kaya na musamman kuma inci 3.5. Kimfin yana da siririn wuya da faffaɗan kai a ƙasa. Muƙamuƙin tantebur a wuyan ya kamata ya rufe, sai wata sandar ƙarfe ta zame ta bayansa ta tokare shi.

Kafin komai ka duba faranti: akwai giris, ya karkata baya, muƙamuƙi a buɗe, hannun buɗewa a waje. Bodi kuma da birkinsa a ɗaure, da waigi. Tsohon bodin da ba shi da birkin sifirin, iskarsa in ta zube ba shi da birki sam, waigi kaɗai ke riƙe da shi.

Ka zo a miƙe, ba a karkace ba, don turin gefe yana lanƙwasa ƙafafun bodi. Ka tsaya daf da bodi ka sauka ka dubi tsayi, nan ne aikin yake. Ƙasan bodi ya kamata ya ɗan yi ƙasa da saman faranti, yadda in kai ya shiga zai ɗan ɗaga shi. In bodi ya yi ƙasa da yawa, kai zai doki goshinsa. In ya yi sama, abin ya fi muni: kimfin zai shigo ta sama, kansa ya taɓa harshe, muƙamuƙi ya rufe a ƙarƙashinsa ko a kan faffaɗan kan maimakon wuya. Za ka ji ƙarar kullewa. Nauyin kaya zai danne kimfin a wurin, har ka yi tafiya, sai a kwana ko gargada bodi ya zame ya faɗi. Wani lokaci ma kimfin yana tsallake faranti gaba ɗaya, bodi ya doki bayan ɗakin direba. Ana gyara tsayi da ƙafafun bodi, ko kuma da balan-balan ɗin iska in kan yana da su.

Bayan ya kulle, ka sa giya ta ɗaya ka ja gaba a hankali sau biyu, birkin bodi na ɗaure. Wannan gwajin yana kama wanda bai kulle ba sam, amma ba kullum yake kama kullewar ƙarya ba. Don haka ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ka ɗauki tocila. Abu uku za ka gani da idonka. Babu sarari tsakanin faranti da ƙasan bodi, in haske ya ratsa to kimfin na sama. Ta baya, cikin maƙogwaron tantebur, muƙamuƙi ya rungume wuyan kimfin kuma sandar ta ratsa. Hannun buɗewa ya koma ciki har ƙarshe, sakatarsa ta faɗa, an saƙala ƙugiyar tsaro in akwai.

Sannan tiyon iska da wayar wuta. Tiyon iska biyu ne: mai launin ja shi ne mai kai iska, ɗayan kuma, rawaya a tsarin Turai ko shuɗi a na Amurka, shi ne na taka birki. A kula sosai a nan: da ka haɗa jan tiyo, iska na iya sakin birkin bodi. In ka manta birkin hannu na kai, duk motar za ta fara tafiya kana tsaye a bayan ɗakin direba. Ka naɗe ƙafafu har sama, ka rataye hannunsu, ka gwada fitilu, ka saki birkin bodi, ka cire waigi.

Faranti na son giris mai jure nauyi, kada a wuce kilomita 5,000 ba a sa ba, sai dai irin mai shimfiɗar roba a sama wanda ba ya buƙata. Busasshen faranti yana sa mota ta ƙi bin sitiyari a kwana. Tsohon giris da ya cakuɗe da yashi kuwa a kankare shi, don shi ke cin ƙarfe kuma ya hana sandar kullewa ƙarasawa. Kimfin mai inci 2 in wuyansa ya kai milimita 49, ya gama aiki. In kana jin bugu daga baya duk lokacin tashi da tsayawa, muƙamuƙi ya saki, a daidaita shi da notin saiti yadda littafin tantebur ɗin ya nuna, ko a canja.

Wajen rabawa, ka nemi wuri mai tauri da ya daidaita, ka ɗaure birki biyun, ka sa waigi, ka sauke ƙafafu a kan katako mai kauri in ƙasa na da laushi, ka cire tiyo da waya. In hannun buɗewa ya ƙi jawuwa, kimfin ne ke jan muƙamuƙi. Kada ka sa guduma: ka ɗan yi ribas ka matsa kan a jikin kimfin, ka ja birki, zai buɗe da hannu ɗaya. Ka ja gaba kaɗan har faranti ya fita, ka tsaya tun firam ɗin kai na ƙarƙashin bodi, ka sauka ka ga ko ƙafafun sun ɗauki nauyin ba su nutse ba, sannan ka ƙarasa fita.