Yadda ake karanta lambobin Littafi Mai Tsarki, da yadda za ka yi naka arba'in

Wata Lahadi da aka tashi daga sujadar Hausa, wani yaro mai dako a kasuwar Mile 12 ya biyo ni har bakin ƙofar coci da 'yar takarda a hannu. Ya rubuta 7, 12 da 40. Ya ce, "Baba, tunda lambobin Allah ne, in na buga su a cacar lamba za su fito?" Ban yi masa faɗa ba, domin na san yadda kuɗin haya ke matsa wa mutum a Legas. Na zaunar da shi a benci, na nuna masa yadda ni nake bi da su. Ga abin da na gaya masa.

Da farko ka ɗauki lamba ɗaya tak. Kada ka haɗa su duka, za ka rikice. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu, ka tattara wuraren da lambar ta fito, kana karanta labarin gaba ɗaya, ba ayar kawai ba. A kowane wuri ka tambayi kanka: me Allah yake yi da wannan mutumin a wannan lokacin?

Mu gwada da arba'in, tunda mu Hausawa mun san ta tun daga gida. Mai jego kwana arba'in take yi tana wanka kafin ta fita. A Farawa sura 7 ruwan tufana ya yi kwana 40 yana zuba. Musa ya yi kwana 40 a kan Dutsen Sina'i. Yunusa ya ba mutanen Nineba wa'adin kwana 40, suka tuba. Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji kafin ya fara wa'azi, bayan tashinsa daga matattu kuma ya yi kwana 40 yana bayyana ga almajiransa. In ka jera su haka za ka ga abu ɗaya ke dawowa: lokacin jira ne da gwaji, mutum ya bar wani hali amma bai riga ya shiga sabo ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Littafin Ƙidaya sura 13 da 14. Mutum goma sha biyu aka aika leƙen asirin Kan'ana, kwana 40 suka yi tare, ƙasa ɗaya suka gani. Goma suka dawo da tsoro, Joshuwa da Kalibu suka dawo da bangaskiya. Sakamakon tsoron nan, jama'a suka yi shekara 40 a jeji, shekara guda a madadin kowace rana. Ka ga lambar ba ta ceci kowa ba. Abin da mutum ya yi da kwanakin shi ne maganar.

To, yadda za ka yi naka. Zaɓi hali guda da kake so ka bari, ƙarami wanda za ka iya kiran sunansa. "In zama mutumin kirki" ya yi faɗi da yawa. "Ba zan ɗaga wa matata murya ba" ya isa. Ka ja layi arba'in a littafinka. Kowane dare ka karanta ɗan sashe daga labaran can na sama, ka yi addu'a, ka rubuta jimla ɗaya ta gaskiya a kan yadda ranar ta kasance. In kana so ka bi kalandar ikilisiya, daga Larabar toka zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi shida, saura 40. Ranar da ka faɗi kada ka yaga takardar ka koma farko. Rubuta cewa ka faɗi, gobe ka ci gaba. Kuma ka kula da jikinka. Kafin Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, sau biyu mala'ika ya tashe shi ya ci abinci. Mai ɗaukar buhun albasa tun asuba ba dole ne ya bar ci ba, yana iya barin waya ko gulma.

Ni nawa na farko a kan ƙanena ne. Na aika masa kuɗi Zariya ya sayo mini kaya, kuɗin suka salwanta, muka yi shekara biyu ko gaisuwa babu. Da na zo kan bakwai, lambar cikawa da hutu, na tarar da Na'aman kuturu yana nutso sau bakwai a Kogin Urdun don ya warke, bayan ya gama fushi da umarnin annabi, na kuma tarar da Bitrus a Matiyu 18 yana tambaya ko yafewa sau bakwai ta isa, Ubangiji ya ce masa bakwai har sau saba'in. Na zauna a cikin danfo a cunkoson Ojota ina lissafi, 490, sai na gane ba a ba mu lambar don mu ƙirga ba, wa zai riƙe lissafi har can? Na fara kiran sunansa a addu'a kowane dare. Kwanaki goman farko bakina ne kawai ke faɗa, zuciya ba ta bi ba. A kwana na 23 na kira shi. Ya ɗauka ya ce, "Yaya?" sai ya yi shiru, ni ma na yi shiru, daga baya na tambaye shi lafiyar yara.

Gargaɗi ɗaya da ba zan bari ba: ba kowace lamba ce ke ɗauke da ma'ana ba. Wata ƙidayar mutane ce kawai ko ta tumaki. Duk wanda ya ce zai haɗa maka ranar haihuwarka da wata aya ya faɗa maka arzikinka, ko ya tsorata ka da 666 a lambar mota, ka riƙe kuɗinka ka je wurin fastonka ku buɗe Wahayin Yahaya 13, inda lambar 666 take, tare.

Yaron nan ya zaɓi barin cacar a matsayin nasa arba'in. Duk Lahadi yana kawo mini littafinsa in duba, yanzu yana layi na sha tara, biyu daga ciki ya rubuta "na faɗi".