Idan oga ya ce dole ka zo horo bayan an tashi aiki, kuma ba biya

Abu na farko kar ka tsaya gunaguni a bayan ido, tura saƙo ta imel ko WhatsApp ka tambaya kai tsaye, horon nan dole ne ko ganin dama, kuma za a lissafa awannin cikin albashi? Amsar da aka ba ka ka ɗau hotonta ka ajiye, don maganar baki gobe ma sai a ce ba a yi ba.

Sannan ka duba takardar ɗaukar aikinka da dokar ƙwadago ta ƙasar da kake, don ba ɗaya ba ne ko'ina. A Amurka misali, dole a biya ka awannin horo sai in ya cika sharuɗɗa 4 gaba ɗaya: bayan lokacin aiki ne, ba tilas, bai shafi aikinka kai tsaye ba, kuma ba wani aikin kamfani da kake yi a ciki. In ɗaya ya faɗi to biya ya hau kan kamfanin. Tarayyar Turai ma tun 2019 ta ce horon da doka ta wajabta lokacin aiki ne.

Ni dai shawarata ka je horon, ka rubuta ranar da awan shiga da na fita, in sun ƙi biya sai ka kai wa ƙungiyar ƙwadago ko ofishin ma'aikatar ƙwadago, ku haɗu da abokan aiki ma ya fi.