Saran maciji a farkon damina: kurakuran da aka fi yi

Wajen watan Afrilu ruwan farko kan sauka a Kafanchan da Kachia, kafin ya iso Zariya da Makarfi. Ramuka su cika da ruwa, shinge ya fito, kwaɗi su biyo shinge, macizai kuma su biyo kwaɗi. Daidai lokacin ne ake sharar gona, ana ɗaga tarin kara da hannu. Yawancin ɓarnar da sara ke yi, tsakanin gona da asibiti ake ƙara ta.

Babban kuskure shi ne raina kububuwa. Gajera ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya da wani abu ba, launinta kuma ya saje da ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga ɗan kumburi kawai, ya koma gida ya ci tuwonsa, sai washegari ko jibi jini ya fara fitowa ta dasashi, ta fitsari, ko ta wani tsohon miki. Kowane sara a kai shi asibiti a ranar, ko da mai shi yana tafiya da ƙafarsa. Can za a ɗebi jini kamar mililita 2, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Bayan awa 6 a sake gwadawa. Masu gaggawar a sallame su su yi haƙuri, a kwana ƙarƙashin kulawa aƙalla awa 24.

Sai ɗauri. Da an ce maciji, wani ya yanko robar tayar keke ya ɗaure ƙafa tam. Wannan ba ya tsare dafi, jini yake tsarewa, naman ya mutu, wani lokaci har a yanke ƙafar. Saran kasa da na kumurci dama suna ruɓar da nama, ɗauri ƙara musu ƙarfi yake yi. Abin yi shi ne a cire zobe, agogo, munduwa da takalmi kafin kumburi, a ɗora sanda a jikin ƙafar a naɗe da zane sako-sako yadda ba za ta motsa ba, kamar ɗorin karaya. In an riga an ɗaure tam tun da daɗewa, a bar ma'aikatan asibiti su kwance.

Tsaga wurin da reza, tsotsa da baki, manna baƙin dutse, jiƙon sa amai: babu wanda ke fitar da dafi. Tsagar ma ita ce mafi muni ga wanda jininsa ba ya tsayawa.

Kada a bar wanda maciji ya sara ya yi gudu. A ɗauke shi, in a babur ne a sa shi tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. A kemis kuma kada a karɓi aspirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Parasitamol ya isa. Ba kowane asibiti ke ajiye allurar kashe dafi ba, don haka a buga waya tun ana hanya, ko a nufi babba irin na koyarwa na Shika a Zariya ko Barau Dikko a Kaduna.

Farautar macijin ɓata lokaci ne, sau da yawa ma sara na biyu ake samu. Kan da aka sare yana iya cizo.

In kumurci ya yi tofi a ido, ruwa mai tsabta za a yi ta kwararawa kamar minti 15, ba murzawa, ba lemun tsami, sannan asibiti.

A gida, a janye tarin itace da kara daga jikin ɗaki da rumbu, don ɓera ke jawo maciji. Yara masu kamun shinge da dare su riƙe tocila su sa takalmi rufaffe. Mai shimfiɗa a ƙasa ya ɗaura gidan sauro ya cusa gefensa ƙarƙashin tabarma.