Ga masu zuwa Miriya daga Damagaram

Salamu alaikum 'yan uwa. Tafiyar Miriya ba ta kai kilomita 20 ba, amma motar haya ba ta tashi sai ta cika, a jiran nan lokaci ke ƙarewa. Ranar Lahadi da kasuwa ke ci, ku sammaka zuwa tasha, da safe mota ke saurin cika. Ku riƙe canji, 'yan dala ashirin da dala hamsin, don yaron mota bai cika samun canjin jika ba. Kuɗin kaya kuwa, ku daidaita tun kafin a ɗora shi bisa mota, in ba haka ba rigima ce wurin sauka. Dawowa kada ku kai magariba, motoci na ƙaranci. Ni dai da direbobi za su tsayar da lokacin tashi ko na safe kaɗai, da ɗalibai da ma'aikata sun huta da kuɗin kabu-kabu.