Yadda ake janye jiki daga aikin ƙara wa inji ƙarfi, da ƙaramar motar da ta dace a koma wa

A garejin Kaduna da yawa, musamman wajen Panteka da Kakuri, ba a rasa ƙaramar mota ɗaya a jingine, taya a sace, bonet a ɗage, an sauke kan inji tun bara. Yawanci ba hatsari ta yi ba. Mai ita ne ya so ta riƙa tashi kamar mai silinda shida, aikin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Injin lita 1.3 ko 1.6 da ba shi da tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ɗan ƙarin da za a samu ta canza salansa da matatar iska bai kai a ji shi a ƙafa ba, ƙara ce kawai take ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, lissafin ya ƙara lalacewa.

Kafin a sake kashe ko sisi, a auna matsin silinda, abin da makanikai ke kira kwamfireshan. Idan injin na tashi, a bar shi ya ɗau ɗumi, a cire fulogai duka, a zare fis ɗin famfon mai, a take totur har ƙasa, sannan a murza kowace silinda sau biyar zuwa shida da ma'auni a ramin fulogi. Lafiyayyen ƙaramin injin fetur yakan ba da PSI 150 zuwa 190, amma abin lura shi ne tazarar da ke tsakaninsu, kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokalin shayi ɗaya a sake aunawa. In ta ɗaga, zoben fistin ne ya cinye. In ba ta motsa ba, a duba bawul. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ɗin kan inji ya ƙone a tsakaninsu. Da wannan za a san ko injin ya cancanci a mayar da shi yadda kamfani ya yi shi, ko a haƙura a nemi ɗan Beljiyam, wato tsohon injin da aka shigo da shi daga waje.

Mayarwar ana fara ta daga abin da ya fi arha. Matatar iska mai siffar mazurari da ake sakawa a buɗe cikin bonet, iska mai zafi take zuƙa daga jikin inji, kuma a ƙurar hunturu ba ta tace komai yadda ya kamata. Mai jiƙe da mai ta fi muni, domin man yana shafar na'urar auna iska, kwamfutar mota ta rikice, ta fara nuna lambar matsala P0171. A dawo da akwatin asali da matatar takarda. Na biyu tamostat, bawul ɗin da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya ɗau zafi. Cire shi da haɗa fanka kai tsaye ya zama al'ada a nan saboda tsoron zafin Maris da Afrilu, amma injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta tana ɗaukarsa mai sanyi, ta yi ta ƙara masa fetur, ragowar ya wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Tamostat ɗin Corolla yana buɗewa a wajen digiri 82. A mayar da shi, a wanke lagireto, a sa ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya, a mayar da fanka kan na'urarta. Idan an fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, fitilar inji za ta zauna a kunne da P0420, kuma duk wata sabuwar matsala za ta ɓuya a bayan wannan fitilar.

Wanda ba ya mayuwa shi ne kan inji da aka kankare fiye da kima. Ƙarfen da ya tafi ya tafi. Matsi ya hau, fetur ɗin famfonmu kuma iri ɗaya ne, babu na musamman da za a zaɓa, sai ka ji injin yana ƙas-ƙas a hawa ko in an ɗauki kaya. Wannan ƙarar tana cin fistin a hankali. Maganinta wani kan ne. Haɗa gaskit biyu da wasu ke yi dabara ce ta mai shirin sayarwa gobe. Wajen ɗaurawa a yi amfani da sifana mai auna ƙarfi, a bi jeri daga tsakiya zuwa waje, kuma a injinan da kusoshin kansu ke miƙewa in an ɗaure, a sayi sababbi.

In an yanke shawarar ɗan Beljiyam, a tafi da makaniki, a buɗe murfin sama a ga ko akwai daskararren mai, a juya injin da hannu, a tabbatar soket ɗinsa sun dace da wayoyin motar. A karɓi rasidi mai lambar inji, a ajiye tare da takardun mota. In kuma babu kuɗin komai yanzu, kada a bar inji a buɗe damina ta same shi: a shafe silinda da mai, a toshe kowace kafa da tsumma, a ƙulle kusoshi kashi-kashi a leda da rubutu, a ɗauko kwamfutar da batir a kai gida. Kayan ƙarin da aka saya a sayar da su daban, domin dillali ba ya ƙara wa mota kuɗi saboda su, ragewa ma yake yi.

Sai maganar motar da za a koma wa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, 1.8, sarƙa take amfani da ita a taimin, wato daidaita motsin bawul da fistin, ba bel ba, giyarta mai sarrafa kanta tana da juriya, kuma kusan kowane yaron gareji ya san cikinta. Baƙin mai wajen lita huɗu take ɗauka da matata. Aibinta tsada wajen saye, sannan wasu na shekarun farko suna shan baƙin mai, don haka a duba sandar auna mai bayan an ɗan yi tafiya, a kalli hayaƙi in an taka. Pontiac Vibe da Matrix na waɗannan shekarun yawancinsu injin ɗaya ne da ita.

Peugeot 206 ta fi daɗin tuƙi a kwana kuma tana zama a kan titin Zariya fiye da yadda girmanta ya nuna. Kaduna ta san Peugeot tun da aka fara harhaɗa ta a Kakuri a 1975, saboda haka hannu bai yi ƙaranci ba. Amma a sayi mai giyar hannu. Giyar AL4 mai sarrafa kanta ba ta son zafi da sakacin mai, takan buga ta maƙale a giya ta uku. Bel ɗin taiminta in ya tsinke yana lanƙwasa bawul, don haka a canza shi da famfon ruwa da zarar an saya, ko me mai sayarwa ya rantse. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin bayanta ma a duba: in tayoyin baya sun karkata ciki daga sama, ya ci.

Golf 3 jakar aiki ce, kayanta arha, amma shekarunta sun ja, kuma da wuya a sami wadda ba ta yi haya ba ko ba a yi wa wayoyinta ɗinki ba. Micra K11 mai 1.0 ko 1.3 ba ta da na biyu wajen tsimin mai a cikin gari, daga Kawo zuwa Barnawa kullum, sai dai da mutum huɗu da na'urar sanyi a kunne, wuce tirela a hanyar Abuja sai an yi dogon lissafi. Civic ta 2001 zuwa 2005 injinta na da rai, ita ma bel ce, kuma ƙasanta kusa yake da ƙasa, wanda mai zama a lungunan Rigasa ko Tudun Wada zai ji a aljihunsa duk damina. Mai zirga-zirgar Kano da Abuja ya tsaya kan Corolla. Mai yawon cikin gari da ƙaramin ƙarfi ya nemi Micra ko Yaris mai giyar hannu, ya buɗe bonet ya fara duba ko tamostat da akwatin iska suna nan kafin a yi maganar farashi.