Yadda ake kare gaɓar Gulbin Maradi da kwandunan duwatsu

Ɗan kasuwar Maradi da ya saba zuwa Kwatano ɗaukar kaya ya san jerin duwatsun da suka kutsa cikin teku gabas da tashar jiragen ruwa. Tashar da aka gina a shekarun 1960 ta tare yashin da igiyar ruwa ke korowa daga yamma, sai teku ya shiga cin unguwannin gabas, shi ya sa aka jibge duwatsun domin su karya ƙarfin ruwa, yashi ya samu wurin kwanciya. Wannan dabarar ce mai lambu a bakin gulbi yake bukata, domin ruwan da ya tashi tsohon garin Maradi a 1945 har yau yana cin gaɓa duk damina.

A fara da zaga gaɓar bayan ruwa ya janye, a gane inda gulbi ke karya kwana, domin gefen waje na kwanar shi ne ruwa yake zaizaya. Aikin na rani ne, kuma ya kamata ma'aikacin gine-ginen karkara ya auna wurin kafin a sari ƙasa.

Kwandon, wanda ake kira gabiyon, ragar waya ce mai jure tsatsa, galibi tsawon mita 2, faɗi da tsayi mita 1. A cika shi da duwatsun da suka fi idon ragar girma, a jera su da hannu, a ɗaure ciki da waya kada ya kumbura. A jera kwandunan su miƙa daga gaɓa zuwa cikin gulbi, sun ɗan karkata wajen da ruwa ke fitowa, gindinsu kuwa a binne shi sosai cikin gaɓa, in ba haka ba ruwa zai zagaya ta baya.

Inda yawancin ayyuka ke lalacewa shi ne tushe. Ƙasan gulbi yashi ne, ruwa kuma yakan haƙa rami a bakin jerin har kwandunan su kife, saboda haka sai an fara shimfiɗa faffaɗan kwando marar tsayi wanda ya zarce jerin ta kowane gefe, ta yadda idan ruwa ya kwashe yashi shimfiɗar za ta lanƙwasa ta rufe ramin. Wanda ya yi tsimin kuɗi a nan ya yi asarar aikin duka.

Jeri ɗaya ba ya isa. A bar tazarar kamar ninki uku na tsawonsa a sake wani, a dasa ciyawar jema a yashin da ya taru tsakaninsu. Kada jerin ya wuce rubu'in faɗin gulbi, domin ruwan da aka kora daga wannan gaɓa gonar maƙwabcin tsallake zai nufa. Don haka tun kafin a sayi waya, masu gonakin gaɓoɓin biyu su zauna gaban mai gari su daidaita.